Zarni da Kwalbar Likita: Tarihin Adana Fitsari Domin Gwaji

Gabatarwa

Hausa tana da kalma ta musamman domin warin fitsarin da ya kwana, watau zarni. Ba a cewa sabon fitsari yana zarni, sai wanda ya jima a lungu, ko a jikin tabarmar yaro, rana ta buge shi. Ke nan tun kafin zuwan asibiti Bahaushe ya lura da cewa fitsari yana sākewa bayan ya rabu da jiki, har ya raɗa wa wannan sākewa suna. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda masu ilmin likitanci suka yi fama da wannan al'amari, tun daga zamanin da ake duban fitsari da ido a cikin kwalba, ya zuwa lokacin da aka shiga zuba masa sinadarai domin ya jure jira. Abin da nake son nunawa shi ne, buƙatar waɗannan sinadarai ta taso ne daga tazarar da ta shiga tsakanin majinyaci da mai duba fitsarinsa, kuma duk sa'ad da tazarar ta ƙaru sai an biya wani abu kafin a cike ta.

Zamanin duba da ido

Duban fitsari tsohon ilmi ne. Likitan nan na Yunanawa da Larabawa suke kira Buƙuraɗu, wanda ya rayu wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, ya riga ya danganta kumfar da ke tsayawa a kan fitsari da ciwon ƙoda. Bayansa Jalinusu, a ƙarni na 2 na Miladiyya, ya ɗaure magudanan da ke sauko da fitsari a jikin dabba mai rai, ya nuna cewa daga ƙoda yake zuwa mafitsara. Da aka fassara littattafansu zuwa Larabci a Bagadaza, sai likitocin Musulunci suka ɗauki fannin suka faɗaɗa shi ƙwarai. Sukan kira kwalbar da ake kawo fitsari a ciki da sunan ƙarura, shi kuwa fitsarin da aka kawo domin dubawa suna ce masa tafsira. Ɗalibin Larabci zai gane cewa tushen wannan kalma ɗaya ne da na tafsiri, domin a wurinsu fitsari shi ne mai bayyana abin da jiki ya ɓoye.

A Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya, cikin ƙarni na 10, wani likita Bayahude mai suna Ishaƙu al-Isra'ili ya rubuta littafi sukutum a kan wannan fanni, Kitab al-Bawl. Kalmar bawl ɗin nan ita ce Hausa ta ara ta mai da ita bawali, wadda malamai da masu kunya suka fi so a kan fitsari. An juya littafin zuwa Latin a ƙarni na 11, aka daɗe ana karantar da shi a makarantun likitanci na Turai.

Amma wanda ya fi dacewa da zancenmu shi ne Ibn Sina (980–1037). A cikin littafinsa al-Ƙanun fi al-Ɗibb, wanda ya kammala a 1025, ya lissafa abubuwa bakwai da likita zai lura da su: launi, da kauri, da tsabta ko gurɓata, da abin da ya kwanta a ƙasan kwalba, da yawa, da wari, da kumfa. Taɓawa da ɗanɗanawa, waɗanda wasu suke haɗawa a ciki, ya ce shi ya fid da su saboda ƙyama. Kafin duk wannan kuwa sai da ya gindaya sharuɗɗa. A ɗauki fitsarin farko na safe. Kada majinyaci ya kasance ya ci abin da ke rina fitsari, irin su za'afaran, kada kuma ya kasance ya ƙunsa lalle. A zuba shi duka a kwalba mai faɗi, mai haske, wankakkiya, a kāre ta daga rana da iska. Sa'an nan ya zo kan lokaci. Ya ambaci masu cewa kada a duba fitsarin da ya wuce awa shida, domin launinsa yana juyewa, abin da ya kwanta yana narkewa, shi kuwa a nasa ra'ayi ko awa ɗaya ta yi yawa.

Wannan hukunci na Ibn Sina abin a tsaya a kansa ne. Bai san ƙwayoyin cuta ba, ba shi da madubin likita, amma dogon lura ya kai shi ga iyakar da ta yi kusa ainun da wadda ɗakunan gwaji suke aiki da ita yau, watau awa biyu idan an ajiye fitsari a zafin ɗaki. Dabarar da yake da ita guda ɗaya ce, gaggawa. Kuma ta ishe shi, tun da likita da majinyaci suna gari ɗaya, sau da yawa ma suna ɗaki ɗaya.

A Turai al'amarin ya zarce haka. Kwalbar fitsari ta zama alamar likita, kamar yadda zabira take alamar wanzami, ta yadda duk mai zanen da zai zana likita sai ya sa shi yana ɗaga kwalba yana hangen ta cikin haske. Masu hali sukan aiki bara da kwalbar a cikin ɗan kwando, likita ya duba ya faɗi ciwo, ya rubuta magani, alhali bai taɓa sa majinyacin a ido ba. Nan 'yan damfara suka sami shiga, har da masu duba irin na bokaye. A 1637 wani likitan Ingila, Thomas Brian, ya buga littafi yana tona asirin waɗannan mutane da dabarun da suke yi su tatsi labari daga bakin ɗan aike. A ganina ƙaryar masu duba ita ce rabin matsalar. Sauran rabin yana cikin kwalbar, wadda ta yi sa'o'i a hanya.

Daga ido zuwa ma'auni

Daga ƙarni na 17 sai aka fara tambayar abin da ke cikin fitsari. Thomas Willis ya bayyana a 1674 cewa fitsarin masu ciwon nan na yawan fitsari da ƙishirwa yana da zaƙi kamar zuma, abin da likitocin Indiya suka daɗe da sani ta ganin tururuwa tana taruwa a kansa. A 1776 Matthew Dobson na Liverpool ya dafa irin wannan fitsari har ya ƙafe, ya sami wani abu kamar mazarƙwaila a gindin tukunya, a 1815 kuma Chevreul na Faransa ya tabbatar da cewa sukarin irin na inabi ne, wanda ake kira gulukos. A 1827 Richard Bright na asibitin Guy's a Landan ya haɗa abu uku wuri guda: kumburin jiki, da lalacewar ƙoda, da wani sinadari a fitsari mai daskarewa kamar farin ƙwai in an gasa shi a cokali bisa wuta. Cikin shekarun 1840 Trommer da Fehling na Jamus suka fito da ruwan gwaji mai shuɗi, wanda ake yi da sinadarin jan ƙarfe, mai juyewa ja-ja idan ya gamu da sukari.

Da zarar an iya gano abu, tambaya ta gaba ita ce nawa ne. A nan aka ci karo da wata wahala. Fitsarin asuba ya fi na bayan shan ruwa kauri, na mai aiki a rana ya sha bamban da na mai zaune a inuwa, saboda haka awon kofi guda ba ya nuna abin da ƙoda take fitarwa. Sai an tara na awa 24 cif a mazubi ɗaya. Otto Folin na Amurka ya bi wannan hanya a 1905, sa'ad da ya buga awon da ya yi wa irin wannan tarin fitsari guda talatin na masu lafiya. Ashe ke nan ilmin da kansa ya tilasta a karya sharaɗin Ibn Sina, domin abin da aka fara zubawa a mazubin sai ya yi yini da kwana kafin ya isa hannun mai awo.

Asalin zarni

Kafin wannan lokaci an riga an gano mai laifin. Wajen 1860 Louis Pasteur ya nuna cewa fitsarin da aka tafasa, aka hana ƙurar iska shiga cikinsa, yana zama yadda yake ba ya ruɓewa. Ƙananan halittu ne suke ɓata shi. Akwai wani sinadari mai yawa a cikin fitsari da ake kira yuriya, wanda Rouelle ya ware a 1773. Wasu ƙwayoyin cuta suna da wani abu mai farfasa yuriya ya mai da ita amoniya, abin da James Sumner ya tace tsantsarsa daga wani irin wake a 1926, har aka ba shi kyautar Nobel a 1946. Wannan amoniya ita ce zarni.

Ɓarnar ba a wari kaɗai ta tsaya ba. Sabon fitsari yawanci yana da ɗan tsami irin na asid, amma amoniya tana juya shi ya koma ɓangaren kanwa. A cikin irin wannan ruwa ƙwayoyin jini ja da farare suna fashewa, ƴan sandunan nan da suke fitowa daga magudanan ƙoda mai ciwo suna narkewa, wasu gishiri kuma suna kwantawa su gurɓata shi. Ƙwayoyin cutar suna cinye sukarin da ake nema. Sinadarin da ke rina fitsarin mai shawara yana lalacewa in haske ya buge shi. A taƙaice, fitsarin da ya jima yana iya ɓoye ciwon da ke akwai, yana kuma iya nuna wanda babu.

Sinadaran adanawa da aibinsu

Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20 an gwada abubuwa da dama. An yi amfani da kulorofom, wanda aka fi sani da sa majinyaci barci lokacin tiyata. Yana kashe ƙwayoyin cuta, amma shi ma yana juya ruwan Fehling, sai a ɗauka mutum yana da ciwon suga alhali ba shi da shi. An yi amfani da taimol, wani farin ƙanƙara mai ƙamshi da ake samu daga tsiron za'atar. Idan ya yi yawa yana haifar da gurɓatar da ta yi kama da ta gwajin Bright, a ɗora wa lafiyayyar ƙoda laifi. Toluwin kuwa mai ne da yake tasowa sama ya rufe fuskar fitsari, sai dai yana kama wuta, kuma sai an yi dabara kafin a ɗebo abin da ke ƙarƙashinsa.

Fomalin, wanda Ferdinand Blum ya gano amfaninsa wajen sandarar da nama a 1893, ya fi kowanne iya tsare surar ƙwayoyin jini da sandunan ƙoda. Shi ya sa aka riƙa ɗiga shi a kwalba domin ƙidayar da Thomas Addis ya ƙago a shekarun 1920, inda ake tara fitsarin awa 12 na dare a ƙirga ƙwayoyin da ke ciki. Amma fomalin yana ɓata gwajin sukari da wasu gwaje-gwaje, yana kuma kashe ƙwayoyin cuta ƙurmus. Akwai kuma asid mai ƙarfi, haidurokulorik, wanda ake zubawa a gindin jarkar awa 24 idan ana son auna sinadarin ƙashi ko abin da ke haddasa tsakuwar ƙoda. Yana narkar da ƙwayoyin jini, yana sa wani sinadarin da ake aunawa saboda ciwon gaɓɓai ya kwanta, in kuwa ya fantsama a fata ƙuna yake yi.

Manomi ba zai yi mamakin wannan ba. Toka ce ke tsare wake daga ƙwari, gishiri ke tsare ɗanyar fata kafin ta kai ga majemi, kuma babu mai hankalin da zai musanya su. Haka babu wani sinadari guda da yake tsare duk abin da ke cikin fitsari. Dole likita ya san abin da yake nema tun kafin ya miƙa kwalba.

Ƙidayar Kass da borik asid

Matsalar ta ƙara tsanani a 1956. A wannan shekara Edward Kass na Boston ya nuna cewa samun ƙwayar cuta a fitsari bai isa hujjar ciwon mafitsara ba, domin kusan kowane fitsari yana kwaso kaɗan daga fata a kan hanyarsa ta fita. Yawan su shi ne abin dubawa, ya kuma sa iyaka a 100,000 cikin kowace mililita, watau kashi ɗaya bisa biyar na ƙaramin cokalin shayi. To, ƙwayar cuta tana rabuwa biyu, biyun su zama huɗu, kuma fitsari mai ɗumi abinci ne gare ta. Bari mu ƙaddara an fara da 1,000 kacal, suna ninkuwa duk rabin awa. Cikin awa uku da rabi sun kai 128,000, sun haye iyakar Kass. Mace lafiyayya ke nan za a rubuta wa maganin da ba ta buƙata, saboda kawai kwalbarta ta yi jira a kan benci. Zafin jikin mutum digiri 37 ne, shi ne kuma zafin da waɗannan ƙwayoyi suka fi so. Duk wanda ya san Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram a watan Afrilu, inda zafi yake haura 40, ya san cewa ɗakin jiran asibiti a lokacin bai yi nisa da akwatin da ake rainon ƙwayoyin cuta a ciki ba.

Abin da ake bukata a nan sabo ne: sinadarin da zai hana ƙwayoyin haihuwa, amma ya bar su da rai domin a shuka su a ƙirga. Firji yana yin haka, a digiri 4, har awa 24. Inda babu firji a hanya fa? A 1969 wasu likitoci biyu na Aberdeen a ƙasar Sukotland, Porter da Brodie, suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa hanyoyi uku na aiko da fitsari daga nesa, cikinsu har da akwatin ƙanƙara, suka sami cewa zuba borik asid ya fi sauran. Wannan wani farin gari ne mai rauni, sananne tun 1702 da Wilhelm Homberg ya fara haɗa shi. Ma'aunin da suka bayar shi ne giram 1.8 cikin kowace mililita 100. A wannan ma'auni ƙwayoyin cuta suna tsayawa cik na kwana ɗaya zuwa biyu, fararen ƙwayoyin jini ma ba sa fashewa da wuri. Har yanzu ana aiki da wannan hanya a ƙasashe da dama, ana sayar da kwalabe da garin a ciki.

Sai dai shi ma da nasa sharaɗi. An auna garin ne daidai da cikar kwalba zuwa wani layi. In majinyaci ya zuba ɗan kaɗan, garin ya yi ƙarfi ya kashe ƙwayoyin da ake nema, sakamako ya fito babu kome, a sallami mai ciwo da ciwonsa.

A shekarar da Kass ya buga aikinsa, 1956, wasu mata da miji masana sinadarai a Amurka, Helen da Alfred Free, suka fito da tsinken gwaji mai suna Clinistix, wanda ake tsomawa a fitsari ya sāke launi in akwai sukari. Daga baya aka ƙara masa gwajin jini da sauransu. Wannan tsinke ya mai da rabin aikin gefen gadon majinyaci, cikin awa ɗayar nan ta Ibn Sina. Shuka ƙwayoyin cuta da awon awa 24 su ne har gobe sai an kai ɗakin gwaji.

Tsargiya

Inda wannan tarihi ya fi shafar ƙasar Hausa shi ne wajen tsargiya, ciwon nan da ke sa yara, musamman maza masu wanka a kududdufi, fitsarin jini. Theodor Bilharz ne ya gano tsutsar da ke kawo shi a Alƙahira a 1851. Tana zama a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, ƙwayayenta suna fita ta fitsari, su ƙyanƙyashe a ruwa, su shiga katantanwa, daga nan su komo jikin mutum ta fata. Madatsun ruwa da aikin noman rani, irin na Tiga da aka gama a 1974 da na Bakolori, sun faɗaɗa mazaunin katantanwar, kuma a shekarun 1970 an yi dogon bincike a kan ciwon a yankin Malumfashi.

Ana tabbatar da tsargiya ne ta ganin ƙwan a madubin likita, mai ɗan ƙaya a ƙarshensa. Ƙwayayen sun fi fita tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, watau daidai tsakiyar zafi, abin da ya saɓa wa tsohuwar ƙa'idar fitsarin asuba. Mai binciken da ya tara kwalabe a makarantar firamare ta ƙauye, ya kuma ɗauko su zuwa gari, yana iya tarar da ƙwayayen sun ƙyanƙyashe a hanya, sai ɓawo. Abin da ake yi shi ne a fara tsoma tsinken gwajin jini nan take, sa'an nan a ɗiga fomalin kaɗan, a rufe kwalaben daga haske. A nan kisan da fomalin yake yi shi ne amfaninsa.

Matsalar harshe

Duk wannan ilmi yana rataye ne a kan ƴan kalmomin da ma'aikacin asibiti yake faɗa wa majinyaci sa'ad da yake miƙa masa kwalba, kuma nan ne aikin ya shigo gonar masu nazarin harshe. Abin da ya fi saurin zuwa baki shi ne, “Akwai magani a ciki.” To amma kalmar magani a Hausa tana da faɗi. Maganin zazzaɓi sha ake yi, maganin ɓera kuwa guba ne, maganin sauro ma haka. Wanda aka ba jarka da asid a gindinta ya kamata a gaya masa cewa ruwan yana ƙuna kamar ruwan batir, ya nisanta shi daga yara, ya yi fitsarin a wani mazubi mai tsabta ya juye, kada ya yi kai tsaye. Wanda aka ba kwalba mai farin gari kuma, tarbiyyarsa ta tsabta za ta iya sa shi ya ɗauraye ta da ruwan buta, shi ya sa takardun da ke rakiyar irin waɗannan kwalabe a ƙasashen waje suke gargaɗin kada a zubar da garin. Ina ganin kwatance da tokar wake zai fi saurin shiga kunne a kan kalmar sinadari, wadda ta ƴan boko ce da gidajen rediyo.

Sa'an nan a tuna cewa fitsari najasa ne, kuma duk wanda ya karanta Ahalari ko Ishmawi ya san cewa ana kawar da najasa daga jiki da tufa da wuri kafin salla. Umurtar dattijo ya ajiye jarkar bawali a ɗakinsa salla biyar tana wucewa, ya kuma ratsa gari da ita, ba ƙaramin abu ba ne, kuma kunya za ta iya hana shi tambayar abin da bai gane ba. Sai an gaya masa ya nemi wuri mai inuwa da sanyi a bayan gida, nesa da inda yake salla.

Awa 24 ɗin ma tana da nata tarko. In an ce “yini ɗaya”, Bahaushe zai tsaya da faɗuwar rana, na dare ya salwanta. In an ce “kwana ɗaya”, wani zai ɗauka na dare kaɗai ake nufi. Ƙa'idar kuwa ita ce a zubar da fitsarin farko na safiyar da aka fara, domin na daren jiya ne, a tara duk wanda ya biyo baya dare da rana, a rufe da na farkon safiya ta biyu. Lafazin da na ga ya fi kusa da wannan shi ne: “Daga asubar yau zuwa asubar gobe. Na asubar yau a zubar, na asubar gobe a haɗa da shi.”